Katunan da Suka Ƙi Faɗowa

Akwai ranar da ko na tsufa har furfura ta sauko mini gira ba za ta fita kaina ba, ranar da na gasa hanta da tsinken aiki. Gara ku ji daga bakina, ku sababbin da aka ɗauka bana, tun kafin Baba mai gadi ya riga ni, don shi in ya fara ba da labarin sai ya ce rago guda na soke. Hanta ce, yanka biyar. Biyu ma shi ya cinye.

Bara ne bayan girbi, shekara ta uku da samun mulkin kai. Ina da shekara goma sha shida, na fito lakwal, wato makarantar boko, da sartifika, aka ɗauke ni a wannan biro namu, ofishin lafiyar dabbobi a nan Tawa. Wata uku na gwaji aka ba ni. In na yi abin kirki a bar ni, in ban yi ba in koma gonar kawu in ci gaba da korar tsuntsaye. Mahaifiyata kuwa tun ranar farko ta gama shaida wa unguwa cewa ɗanta ya zama ma'aikacin gwamnati, har tafiyarta zuwa rijiya ta sake salo. Saboda haka komawa gona ba ƙaramin abu ba ne a gare ni.

Aka sa ni ƙarƙashin Mushe Bulus, akawun biro. Mushen nan na Faransanci ne, kamar ka ce Malam, ba na dabbar da ta mutu ba. Kun san shi, ga shi can da farar rigarsa da alƙalami uku a aljihu, ko da yake ɗaya ne kawai ke rubutu. Mutumin kudu ne, daga wajen Maraɗi, kuma ban taɓa ganin wanda ke son tsari kamarsa ba. Ko ƙosai ya saya, sai ya jera su daga babba zuwa ƙarami kafin ya ci.

A lokacin, sunayen masu dabbobi duk suna cikin wani ƙaton littafi mai nauyin ɗan maraƙi. In shugabanmu Dokta Mahaman ya ce a gaya masa su wa ba a yi wa shanunsu allurar rigakafin bushiya ba, wato ciwon nan da ke share garke cikin 'yan kwanaki, sai an yi kwana uku ana buɗe shafi ana lasar yatsa. Mushe Bulus ya je kwas Yamai, ya ga wata dabara, ya dawo ya yi kusan rabin shekara yana tsara tamu.

Ga yadda take, don waɗanda ba su taɓa riƙe ta ba. Kati ne mai kauri, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, an yi masa huji a jere kewaye da baki. Kowane mai dabbobi yana da katinsa guda, kowane huji kuma da ma'anarsa: wannan Affala, wannan Tebaram, haka dai gari bayan gari, sannan wannan shanu, wannan raƙuma, wannan an yi allura. In mutum ɗan Affala ne, sai a sa ɗan almakashi a yanke hujin Affala har bakin katin, ya zama giɓi. Ranar da kake neman mutanen Affala, sai ka haɗa katunan gaba ɗaya, ka zura dogon tsinken ƙarfe ta hujin Affala, ka ɗaga ka girgiza. Masu giɓi ba abin da ya riƙe su, sai su zubo kan tebur. Sauran su rage a rataye. Aikin kwana uku ya koma na shaƙar numfashi biyu. Ranar da na fara gani na ɗauka Mushe yana da aljanu.

Katunan da ke hannunmu na gwaji ne, guda ɗari, shi da kansa ya huda su da ƙusa da guduma. Ranar Alhamis motar wasiƙu za ta tafi da samfuri guda zuwa Yamai a buga dubbai irinsa, kuma da su ayarin masu allura za su tsara hanyarsu ta bana. Da zarar an buga, shi ke nan, babu ƙari babu ragi.

Aikina shi ne gwada katin kafin ya tafi. Mushe ya zaunar da ni ya ce, "Idi, ni na haifi wannan abu, don haka idona ba zai ga aibinsa ba. Kai ne za ka neme shi. Ka wahalar da shi, ka yi masa mugunta. Na ji a lakwal ka ƙware a wannan fanni."

Na ce, "Mushe, sharri ake yi mini."

Ya ce, "Malaminku da kansa ya gaya mini, kuma da hawaye ya faɗa."

Ya miƙo mini takardar gwaji mai gida uku. Gida na farko, abin da na yi. Na biyu, abin da ya kamata ya faru. Na uku, abin da ya faru. Ya ce duk kuskuren da na gani in rubuta shi yadda wani zai bi rubutun ya sake ganinsa da idonsa, domin kuskuren da ba ya maimaituwa gaban mutane mafarki ne. A can ƙasa akwai wurin sa hannu, inda aka rubuta cewa an gwada, ba a sami aibi ba.

To, ga yadda na yi gwajin. Na ɗauki kati hamsin, na ƙirƙiro makiyaya hamsin daga kaina. Duk mutanen kirki ne masu zama wuri guda. Kowa da garinsa, kowa da dabbarsa, ba mai gardama. Da yake sunaye hamsin ba su zuwa da sauƙi, sai na ari na mutanen da na sani, na ɗan yi musu ado. Akwai Malam Bulala na Tebaram mai awaki. Akwai Baba Gyangyaɗi mai raƙuma. Akwai kuma Mahaman Tumbi na Affala mai jakuna, wanda ban san yadda aka yi ya yi kama da wani babba a biron nan ba. Na zura tsinke, na girgiza, kowa ya faɗo inda ya kamata kamar 'yan lakwal ranar zuwan sufeto. Ranar Asabar da hantsi na sa hannu, har da wata 'yar wutsiya da na ƙara wa sunana don ya yi kama da na manya.

Mushe ya karɓi takardar, fuskarsa ta cika da fara'a, ya hau kekensa ya nufi gidan waya. Ni kuwa yunwa ta taso. Baba mai gadi ya hura gawayi yana dafa shayi a bayan biro, mahauci kuma ya gifta da tire. Na duba hagu, na duba dama, ba abin da ya kai tsinken Mushe dacewa da hanta, ga tsawo ga kauri ga maɗauki. Ku ma in kun dube shi da idon mai jin yunwa za ku fahimce ni.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma da muka gama ci, Baba ya ce shi fa bai yarda ƙarfe na iya zaɓen mutane ba. Na goga tsinken a wandona sau ɗaya, na kwaso katunan, na shiga nuna masa bajinta. Huji bayan huji na bi. Kafin in farga, kowane kati ya sha maiƙo da yaji, sun manne da juna, tawada ta narke. Malam Bulala ya rungume Mahaman Tumbi, ko da tsinke ba su rabuwa.

Ina tura su cikin akwati ke nan sai ga Mushe ya leƙo ta taga. Ya shaƙi iska ya ce, "Wa ke suya?"

Na ce, "Maƙwabta ne, Mushe. Ba su da tausayi."

Ya ce, "To. Litinin da safe ka jera katunanka hamsin a tebur. Dokta na son ya gani da idonsa kafin samfuri ya tafi."

Ya tafi ya bar ni da hanta tana neman hanyar dawowa.

Katunan dai ba su nunuwa, ko da maiƙo ko babu, saboda sunayen. Akwai saura hamsin da ba a taɓa ba. Na zauna zan ƙirƙiro sababbin mutane, sai na gano cewa kaina bai iya samar da suna mai mutunci ba. Duk wanda na fara rubutawa sai ya ƙare da tumbi ko sanƙo. Nan dabara ta zo mini: gobe Lahadi kasuwa ce, sunayen kirki na yawo kyauta a kasuwar dabbobi. In je in kwaso. Kada wani ya ce muku hikima ce ta kai ni kasuwa. Lalaci ne da tsoro.

Da sassafe na isa da katuna a jaka da almakashi a aljihu. Mutane na ganin takarda suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, sai da na rantse cewa ba maganar haraji ba ce, ta allura ce, kuma ba zan tambayi kowa yawan dabbobinsa ba. Wannan kam Mushe ya sani, bai sa hujinsa ba, don makiyayi ba ya faɗa maka adadin garkensa ko kai ne surukinsa.

Na yi mutum goma sha wani abu lami lafiya, sannan na faɗa hannun wata tsohuwa da ke zaune kan buhu tana sa ido a kan wani bijimi. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ina son sunanki don katin allura."

"Kai ɗan wa?"

Na faɗi sunan mahaifiyata da unguwarmu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, kai na ɗan gwamnatin da anka ishe mu da labarinai? Na ɗauka ka hi haka girma. Rubuta, Hajo."

"Garinku, Inna Hajo?"

"Affala."

Na yanke hujin Affala. "Shanu gare ki?"

"Akwai abin da Allah ya ba ni."

Na yanke hujin shanu. Na ce, "Madalla. In ayari ya zo Affala sai ki fito da su."

Ta kwashe da dariya har sai da ta riƙe buhun. "In hito da su daga ina, daga ƙarƙashin gado? Mi shanu za su ci a Affala da rani, ƙasa? Suna wurin wancan dogon. Agali! Taho ka ga ɗan biro."

Wani dogon Buzu ya matso, rawani ya rufe masa fuska sai ido, sandarsa a wuya. Shi ne ke kiwon shanunta, da na wasu gidaje da yawa a Affala, kamar yadda manoma ke ba makiyayi amanar dabbobinsu ya tafi da su inda ciyawa take. Na ciro masa kati sabo.

"Malam Agali, garinku?"

Ya ce, "Wane lokaci?"

"Yanzu."

"Yanzu ga ni Tawa, gabanka."

"A'a, ina kake kwana?"

"Inda shanu sunka kwana."

"To su shanun ina suke kwana?"

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Kusa da ni."

Masu saye da sayarwa suka fara taruwa suna kallo. Na share zufa na sake gwadawa. Da damina suna can arewa, in ji shi. Bayan girbi su gangaro su ci karan gonaki, yau nan gobe can. Daga sanyi har bazara kuma suna rijiyar Dogon Gawo, wadda ba gari ba ce, rijiya ce da itace guda da iska. Na bi hujin garuruwa da yatsa tun daga farko har ƙarshe, babu wanda ya dace da shi. Na yanke masa hujin shanu kawai, na bar sauran yadda suke. Ban ma ɗauki abin da muhimmanci ba. Suna nake nema, na kuwa samu mai kyau.

Zan tashi, Inna Hajo ta kama bakin rigata. Dariyar ta tafi. Ta ce, "Ɗana, ku dai zo da wuri. Shekarun baya da bushiya ta shigo, na kwana da garke na tashi da igiyoyi. Waɗanga da kaka ji, daga maraƙa biyu na sake tada su."

Na ce mata kada ta damu, yanzu muna da kati. Na faɗa da ƙirji a buɗe, kamar ni na huda shi.

Na dawo gida bayan azahar da kati talatin da biyu. Na shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, na wanke tsinken da toka har sau uku, na ce bari in yi gwaji ɗaya don kada in ji kunya gobe. Na zura ta Affala, mutanen Affala suka zubo, har da Inna Hajo. Na zura ta Tebaram, suka zubo. Haka na bi garuruwan duka. Da na gama na ƙarshe, bai kamata kati ko ɗaya ya rage ba, tunda kowa na da inda za a same shi.

Goma sha ɗaya suka rage a rataye.

Na girgiza. Na sake girgizawa. Na tashi tsaye na girgiza har kafaɗata ta kusa gocewa. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Wannan aikin gwamnati ne, ko nono kake kaɗawa?"

Na zare su na duba. Agali ne a sama, sauran goman duk irinsa, masu bin ciyawa. Ba su da giɓi a kowane gari, don haka ko wane gari aka nema ba za su taɓa faɗowa ba. Suna cikin akwati, sunayensu a rubuce da kyau, amma tsinke ba zai taɓa nuna su ba. Ayari zai zagaye garuruwa, ya iske Inna Hajo a ƙofar gida ba saniya ko ɗaya, ya dawo, alhali shanun na can Dogon Gawo ba wanda ya san da su. Kuma takardar da ta ce ba a sami aibi ba tana aljihun Mushe, da sunana da 'yar wutsiyarsa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ciro almakashi. Abu ne mai sauƙi: in yanke wa Agali hujin Tebaram, in rarraba sauran goman a garuruwa, gobe kowa ya faɗo sumul, Dokta ya yi murmushi, ni kuma in tsira da aikina. Har na ɗora bakin almakashin a kan katin. Ba zan kuma ce tsoron Allah kaɗai ya tsayar da ni ba, ko da yake yana ciki. Inna Hajo na gani a raina, ta iso unguwarmu da igiyoyi a hannu tana tambayar gidan su ɗan gwamnati. Ta san sunan mahaifiyata, ni da bakina na faɗa mata.

Na mayar da almakashin. Na zana gida uku a bayan wata tsohuwar takarda. Abin da na yi: na zura tsinke ta kowane gari, ɗaya bayan ɗaya, a kati talatin da biyu na mutanen kasuwa. Abin da ya kamata ya faru: kada kati ya rage. Abin da ya faru: goma sha ɗaya sun rage. Wannan ne rahoton gaskiya na farko da na taɓa rubutawa, kuma ina rubutawa ina jin kukan tsuntsayen gonar kawu.

Litinin na yi sammako don in sami Mushe shi kaɗai. Ai kuwa na tarar Dokta ya riga ni, yana zaune a kujerar Mushe, tumbinsa ya tokare tebur. Ya ce, "Yawwa, ga samarin. Nuna mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin in nuna, ina neman a ba ni takardar da na sa wa hannu ranar Asabar."

Mushe ya ce, "Me za ka yi da ita?"

"Zan janye hannuna ne, Mushe."

Na miƙa masa sabuwar takardar. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya karɓi tsinken, ya bi abin da na rubuta daki-daki. Goma sha ɗaya suka rage. Ya haɗa katunan ya sake. Goma sha ɗaya. A karo na uku ya girgiza da ƙarfin da ban san yana da shi ba, har alƙalami guda ya faɗo daga aljihunsa. Agali na nan a rataye, ko gezau.

Dokta ya ce, "Su wane ne waɗannan?"

Na ba shi labarin Agali da Inna Hajo. Dokta ya yi shekaru yana yawon daji, bai buƙaci dogon bayani ba. Ya ce, "Rabin shanun ƙasar nan suna hannun irin waɗannan mutane." Sannan ya juyo kaina. "To yaya aka yi gwajin Asabar ya wuce? Kawo katunan farko in gani."

Na ce ai ba su da lafiya. Ya ce shi likita ne, a kawo.

Na ɗauko akwatin. Tun kafin in buɗe, ƙamshin yaji ya cika biron, tururuwa kuma sun kafa gari a ciki, har da sarkinsu. Mushe ya dubi tsinken da ke hannunsa, ya kai shi hanci a hankali, ya ce, "Maƙwabta, ko?"

Dokta ya ɓanɓaro kati ɗaya ya karanta da ƙarfi. "Malam Bulala." Ya ɓanɓaro wani. "Baba Gyangyaɗi." Baba mai gadi da ke laɓe a bakin ƙofa ya yi tari. Sai Dokta ya ɗago na uku, ya kai shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Mahaman Tumbi. Na Affala. Mai jakuna." Ya ajiye katin. "Samari, jakuna nawa gare ni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, katin ba ya tambayar adadi."

Wani sauti ya kuɓuce wa Mushe ta hanci, ya mayar da shi atishawa. Dokta bai yi dariya ba. Ya ce, "Mushe Bulus, yaron da ya sa hannu a kan abin da bai gwada da gaske ba, me ake yi masa? Da ya yi shiru, da mun buga dubban katuna da ba su ganin makiyaya."

Na fara tunanin ta wace ƙofa zan shiga unguwa ba tare da an gan ni ba.

Mushe ya ɗauki alƙalaminsa daga ƙasa, ya mayar aljihu, sannan ya ce, "Dokta, bai yi shirun ba. Kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Na karɓi takardarsa ban tambaye shi da su wa ya gwada ba, saboda ta faɗi abin da nake son ji. Katin kuma ni na tsara shi. Na sa shi yana tambayar inda mutum yake kwana, alhali saniya ake yi wa allura."

Dokta ya ce, "Motar Alhamis fa?"

Mushe ya ce, "Ta tafi ba mu."

Dokta ya yi tsaki, domin shi ne zai rubuta wa manya a Yamai dalilin jinkiri, kuma ba ya son rubuta irin wannan wasiƙa. Ya miƙe, ya nuna ni da yatsa ya ce maganata tana nan, sai ya ga yadda gyaran ya ƙare. Ya fita da katin Mahaman Tumbi a hannu. Har yau ban san inda ya kai shi ba.

Ranar nan muka nemo Agali a gidan mai masaukinsa, tun bai bar gari ba. Ya zo biro, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa yana zana mana rijiyoyi da tabkuna da yatsa a kan yashi, Mushe na durƙushe da farar rigarsa yana kwafa. Aka sake tsarin: huji ya koma nuna inda dabbobi ke shan ruwa da rani, ko gari ne ko rijiyar daji. Aka ƙara huji guda na waɗanda ba a san mashayarsu ba tukuna, don kada wani kati ya sake samun wurin ɓuya. Kwana biyu Mushe na bugun ƙusa, har maƙerin unguwa ya aiko a tambaya ko an buɗe masa kishiyar sana'a.

Da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Gwada." Na gwada da goma sha ɗayan nan, duk suka faɗo. Na miƙa hannu zan ɗauki alƙalami, ya buge mini yatsu. Ya ce, "Sauran ashirin da ɗayan fa? Wa ya gaya maka gyaran bai ɓata abin da ke aiki da ba?" Na sake bi da su duka. Ai kuwa sai ga wani aibin ya ɓullo: rijiya biyu masu suna ɗaya, ɗaya gabas ɗaya yamma, sun haɗu a huji guda. Aka raba su, na sake gwadawa tun daga farko. Lahadi na koma kasuwa na kwaso sababbin mutane arba'in, na zaɓi mafi rikici da gangan, har da wani da ya ce raƙuminsa ba ya shan ruwa sai ya ga dama. Sai ranar Talata na sa hannu, kuma ban yi wa sunan wutsiya ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku sababbi, shi ne mutanen da kuka ƙirƙiro a kanku kullum za su yi muku biyayya, don ku kuka haife su. In an ba ku abu ku gwada, ku kai shi gaban masu ba da amsar da ba a tanada mata huji ba, suna nan cike da kasuwa kowace Lahadi. Kuma in kun ga aibi bayan kun sa hannu, kunyar Litinin da safe ta mutum uku ce kawai da mai gadi.

Samfurin ya tafi Yamai ranar Alhamis ta gaba, mako guda a makare. Dokta ya ƙara mini wata ɗaya a kan watannin gwaji, bayansa aka tabbatar da ni a aiki. Cikin sanyi ayarin allura ya sami Agali a rijiyar Dogon Gawo, aka yi wa garkensa duka, har da shanun Inna Hajo.